Farcen Ɗalhatu da Bishiyar Japan

Duk ɗan kasuwar da ya sauka Dubai daga Kano a shekarun nan, in dai ya taka unguwar Al Ras, to ya san Ɗalhatu. In bai riƙe sunansa ba, ya riƙe farcensa. Farcen babban yatsansa na dama ne, dogo, mai kauri, ya rine ya koma ruwan goro saboda aiki, kuma bai taɓa yarda wani mai yankan farce ya kusance shi ba. Ni sunana Edwin, mutumin Kafanchan, makaniken inji a wani gareji a Al Quoz. Wannan farcen ne sanadin da har yau nake kwana a gado mai hawa biyu, a ɗakin da wani ke soya albasa wani ke shanya safa. Saboda haka in an ji harshena ya yi kaifi a kan mutumin nan, ba haka kawai ba ne.

Ɗalhatu dillali ne. Ya zo Dubai yana riƙe wa wani alhajin Kantin Kwari jaka, alhajin ya koma gida, shi kuwa ya maƙale. Aikinsa shi ne ya tari baƙo a filin jirgi, ya kai shi masauki mai araha, ya zaga da shi shagunan Indiyawa da Iraniyawa, ya raka shi wurin masu kago da ke aika kaya gida, ya karɓi la'ada a wurin mai saye, ya koma ta baya ya karɓa a wurin mai sayarwa. Ya iya Larabcin kasuwa, ya iya zagi da Urdu, Turancinsa kuwa bai wuce na tambayar farashi ba. Ta nan muka saba, domin duk lokacin da ciniki ya kai ga dogon Turanci sai ya kira ni, yana cewa, "Injiniya, yalla, zo ka fitar da ni kunya."

Abu ɗaya ne ba zan tauye masa ba, yana da hanci. A lungunan Al Ras ana sayar da itacen turaren nan mai tsada da Larabawa ke kira ud, kuma in ka ga shago ɗaya na gaskiya, to akwai uku na algus, masu jiƙa busasshen itace a mai su rina shi baƙi. Ɗalhatu zai ɗauki guntu, ya kankare shi da farcen nan, ya kai hanci, wani lokaci ya ɗan haska masa laita ya shaƙi hayaƙin, nan take ya faɗa maka ko na Kambodiya ne ko na bayan shago. Matsalar ita ce farcen bai san inda aiki ya ƙare ba. Yana kankarar bencin kwalekwalen da ke tsallaka da mutane mashigin ruwan Deira, yana kankarar ƙofar otal, yana kankarar teburin mai shayi. Ranar da ya fara shiga ɗakinmu, kafin ya zauna ya kankari ɗan gicciyen katakon da na rataye a kan gadona, ya sansana, ya ce, "Zaitun ne. Ba a cuce ka ba." Yana da wata magana da yake ji da ita kamar hadisi, wai duk abin da ka ga an kewaye shi da igiya, to akwai kuɗi a cikinsa.

Amma a ƙarƙashin surutun nan akwai ciwo. Mutum ya doshi hamsin, furfura ta fito masa a gemu, yaran da aka haifa a gabansa suna zuwa da dukiyar iyayensu suna ce masa, "Kai Ɗalhatu, riƙe mini ledar nan." Yana riƙewa yana dariya, in sun juya baya sai fuskar ta faɗi. Matarsa Asama'u tana can Kano tana gaya wa maƙwabta maigidanta yana da kamfani a Dubai, shi kuma ko kujerar zama ta kansa ba shi da ita. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya samu kayan da zai ce nasa ne, da shago mai sunansa a sama, ya zauna wani ya riƙe masa leda.

Damar ta zo masa a ƙarshen 2011, cikin siffar wani ɗan gajeren tsoho mai farin gashi. Sunansa Nogami, mutumin wani ƙaramin gari ne a kudancin Japan, yana da fili inda ake kwance tsofaffin motoci a tara injinansu. Ya zo Dubai ne ya ga inda kayansa ke ƙarewa, ya tarar inji yana bi ta hannu uku kafin ya isa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kowane hannu kuma yana lasar rabonsa. Tsohon yana son itacen turare, ashe su ma can suna da wannan ɗabi'ar. Ɗalhatu ya hango shi a wani shago ana shirin ɗora masa rinannen itace, ya shiga ba a gayyace shi ba, ya kankara, ya yamutsa fuska, ya ja hannun tsohon zuwa shagon da ake sayar da na ƙwarai. Ba don Allah ya yi ba, la'adar shago na biyun ta fi tsoka. Amma tsohon bai san haka ba, ya ɗauka ya gamu da mutum mai amana.

Na yi musu tafinta har tsohon ya tafi. Kafin ya hau jirgi ya ce mu zo mu ga filinsa da idonmu, in jininmu ya haɗu zai riƙa turo mana kwantena kai tsaye, mu sayar sannan mu biya. Wanda ya san kasuwar inji ya san me wannan ke nufi. Muka tsara, Ɗalhatu ne mai kamfani, ni ne mai duba lafiyar inji, da kasona a ciki. A zuciyata har na riga na kama ɗan fulat, na ɗauko iyalina. Shi kuwa tun kafin biza ta fito ya sa aka buga masa kati mai ruwan zinariya.

Muka isa Japan a farkon bazarar 2012. Filin Nogami ya fi wasu asibitocin da na sani tsafta. Injina a jere, an wanke su, kowanne an toshe bakinsa da leda don kada ƙura ta shiga. Na kunna waɗanda na kunna, na saurara, na ji kamar in yi kuka don daɗi. Tsohon ya kai mu gidansa, matarsa ta dafa kifi da shinkafa saboda an gaya mata abin da Ɗalhatu ba ya ci. Magana ta ƙare, saura sa hannu. Sai tsohon ya ce akwai al'adar gidansu tun daga mahaifinsa, ba a fara sabuwar hulɗa sai an je wurin ibadar garin an sanar. Na Shinto ne, addinin gargajiyar ƙasar. Ya ce gobe da safe za mu je, daga can mu wuce ofis.

Da muka koma masauki Ɗalhatu ya tuɓe hula ya ce, "Injiniya, ka faɗa masa tun wuri, ni fa ba zan rusuna wa gunki ba. Ko da kwantena ɗari ne."

Na ga girmansa a wannan, na kuma faɗa wa tsohon da safe. Nogami ya yi murmushi ya ce babu wanda zai sa baƙo ya rusuna ko ya tafa, mu dai mu tsaya a gefe a matsayin baƙi, shi zai yi abin da ya kawo shi. Roƙo ɗaya ya yi, akwai bishiya a bayan ɗakin ibadar da aka kewaye da igiya, kada a tsallaka igiyar. Na fassara wa Ɗalhatu wannan da Hausa tsantsa, har sau biyu. Ya ce, "Shi ke nan, na ji. Ni yaro ne?"

Wurin yana gindin wani tsauni. Ana shiga ta ƙarƙashin wata ƙofa ta dutse, ginshiƙai biyu da gicciye a sama, babu bango babu ƙyaure, sai hanya mai tsakuwa da inuwa ta rufe. A gefe akwai kwarmin dutse cike da ruwa, da ludayin gora a kai. Tsohon ya ɗebi ruwa ya wanke hannun hagu, ya wanke na dama, ya kurkure baki. Ɗalhatu ya taɓo ni ya ce, "Ka ga, rabin alwala. Wani malami ya taɓa zuwa nan ya fara koya musu, sanyi ya kore shi." Ya karɓi ludayin ya yi nasa, har ya fara kwance takalmi zai cika musu ragowar, na taka masa ƙafa.

Muka tsaya daga baya tsohon ya hau matakala, ya jefa tsaba a wani akwati, ya girgiza igiyar ƙararrawa, ya sunkuya sau biyu, ya tafa sau biyu, ya yi shiru. Ɗalhatu ya harɗe hannu a ƙirji yana karanta abin da yake karantawa a ƙasan maƙoshi. Har zuwa nan komai lafiya. Sannan aka zaga da mu baya.

Na ga manyan itatuwa a kurmin garinmu, har da waɗanda kakana ya hana mu nunawa da yatsa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Gindinta ya fi ɗakin da muke kwana mu takwas faɗi. Saiwoyinta sun fito sun kwanta a ƙasa kamar shanu suna hutawa, gansakuka ta rufe su. In ka ɗaga kai ba ka ganin ƙarshenta, sai ganye da ɗan haske. An ɗaura mata wata igiya mai kaurin cinyar mutum, ta karan shinkafa, da fararen takardu suna reto, sannan an kafa 'yan turaku an zagaya da siririyar igiya a ƙasa. Nogami ya ce ta haura shekara dubu. Ya ce duk ƙarshen shekara dattawan garin ne ke taruwa su tufka mata sabuwar igiya, mahaifinsa ya yi, shi ma yana cikinsu. Da ya faɗi haka muryarsa ta canza, ni kaina na cire hulata ban sani ba.

Tsohon ya sunkuya ya rufe ido. Ni kuma na ɗaga waya ina ɗaukar hoton rassan. Abin da ya dawo da ni shi ne wani ɗan ƙara, ƙwas, wanda na sani kamar sunana.

Ɗalhatu yana cikin igiya, ƙafa ɗaya a kan saiwa. Ya sa farcen nan ya ɓamɓaro guntu daga jikin bishiyar, ɓawo haɗe da ɗan naman itacen, kamar girman babban yatsa. Ya kai hanci, ya lumshe ido. Kafin in buɗe baki ya zaro laita ya ƙona gefensa, ya kaɗa hayaƙin zuwa fuskarsa da hannu, yadda yake yi a shagunan Al Ras. Fuskarsa ta washe.

"Injiniya, kafur ne zalla," ya ce. "Wallahi ban taɓa jin mai ƙarfinsa ba. Shi ya sa suka kewaye ta. Tambaye shi ko suna sayar da rassan da suka faɗo, a kilo ko a buhu."

Akwai wani mutum mai farar riga da faffaɗan wando shuɗi da ke shara a gefe tun zuwanmu, ashe shi ne limamin wurin. Ya tsaya da tsintsiya a hannu. Babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya yi zagi, da an yi ma da ya fi mini sauƙi. Nogami ya dubi farin tabon da ke jikin bishiyar, ya dubi hayaƙin, sannan tsoho mai shekara saba'in ya durƙusa a kan tsakuwa da kwat ɗinsa na ranar sa hannu, ya kai goshinsa ƙasa a gaban mutumin nan, ya daɗe bai ɗago ba. Ɗalhatu ya tsallako igiyar, ya raɗa mini, "Me ya sa yake wa mai shara sujada?"

Da aka nemi guntun, sai ya buɗe tafukan hannunsa ya ce ya faɗi cikin ganye. Limamin da tsohon suka tsuguna suna tona busassun ganye da yatsu, shi ma ya tsuguna yana taya su nema, da himma.

Ba a je ofis ba. Nogami ya kai mu tashar jirgin ƙasa da kansa, ya saya mana abinci a 'yan akwatuna, ya sunkuya, ya ce zai rubuto. Ɗalhatu ya ce, "Ka ga, bai yi fushi ba. Zai rubuto." Na ce masa a ƙasar nan haka ake cewa a kai kasuwa. A cikin jirgin sama, muna saman teku, ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da guntun yana sansanawa. Ban yi masa magana ba har muka sauka, domin in na fara ba a baki za a tsaya ba.

Na ɗauka kunya za ta sa ya ɓuya. Ban san Ɗalhatu ba ke nan. Akwai wata Hajiya Barira da ke dafa tuwo a wani fulat a Al Ras, a nan 'yan kasuwar Kano ke haɗuwa su ci su yi gulmar farashi. Sati bai zagayo ba na shiga na tarar an kewaye shi. A bakinsa, mutanen Japan sun jera masa kwantena, suka ce sai ya yi wa bishiya sujada, shi kuwa ya ce sai dai su riƙe dukiyarsu, ya tsallaka ya ɓantari jikinta a gabansu don su ga itace ne kawai. Aka yi ta kabbara. Yaran da ke ba shi riƙon leda suka matsa masa ya zauna a kan kujera. Aka yi dariyar mutanen da suka ƙera jirgin ƙasa mai gudu kamar harsashi amma suna tafa wa itace. Ya hango ni a bakin ƙofa ya ce, "Ga shaida nan, a gabansa aka yi." Na ce lalle a gabana aka ɓantara, na ɗauki tuwona na koma gefe.

Wanda ya fi kowa dariya shi ne Alhaji Dikko, babban ɗan kasuwar atamfa, mai saje da tabon salla a goshi. Shi ne kuma, bayan an watse, ya ja Ɗalhatu bakin matakala. Ina wanke hannu ina jin su.

"Shekara dubu ka ce?"

"Ta haura, Alhaji."

"Hm. Kuma ka duba arzikin mutanen nan. Duk motar da ke kan titin Kano tasu ce." Ya gyara babbar riga. "Ɗan gutsuro mini shwaiya, ɗan kaɗan. Ba don komai ba, don ƙamshin."

Ɗalhatu ya ce sai gobe. Washegari da rana sai ga shi a garejinmu a Al Quoz, inda bai taɓa tako ƙafa ba, yana tambaya ko muna da buƙatar akwatunan katakon da injina ke zuwa a ciki. Ya duba rubutun jikinsu ya zaɓi masu rubutun Japan. Ya farfasa, ya jiƙa a man kafur na shagon wani Ba'indiye, ya shanya a kan rufin masaukinsa. Alhaji Dikko ya kai nasa Kano ya turara shago, aka yi dace a satin kayansa da suka daɗe a tashar jirgin ruwan Legas suka fito. Shi ke nan, abin nema ya samu.

Babu wanda ya taɓa cewa yana saye don sa'a, Allah ya kiyaye. Kowa don ƙamshi yake saye. Sai dai ƙamshin ba a turara shi a ɗakin kwana, sai a shago da sassafe kafin a buɗe, da cikin kwantena kafin a rufe, da jikin fasfo ranar zuwa neman biza. Ɗalhatu ya karɓi hoton bishiyar daga wayata da sunan zai nuna wa Asama'u, sai ganinsa na yi a jikin 'yan fakiti. Guntun da bai fi yatsa ba ya turara rabin Kantin Kwari da Sabon Gari, ya tsallaka Maraɗi da Damagaram, babu wanda ya zauna ya yi lissafi, alhali mutanen nan in ka rage musu yadi ɗaya a dila sai sun gane. Na tare shi na ce wannan damfara ce. Ya ce, "Ina ƙaryar take? Na ce itacen Japan ne. Je ka karanta jikin akwatin." Har ya yi mini tayin aikin farfasa katako, da albashi. Na gaya masa abin da ba zan maimaita a nan ba.

Cikin shekara biyu ya kama shago a wani lungu kusa da kasuwar kayan ƙamshi, aka rubuta Ɗalhatu Japan a sama da harufa masu walƙiya. Ya sauke farali, ya dawo Alhaji. Ya yi tumbi. In baƙo ya shigo daga Kano, wani ne ke riƙe masa leda, shi yana zaune yana kaɗa ƙafa.

A farkon 2015 wayata ta yi ƙara ina ƙarƙashin mota. Nogami ne, yana Dubai, zai kwana biyu. Na same shi a otal, ya rame, yana dogara sanda. Ya fito da fakiti ɗaya na turaren Ɗalhatu ya ajiye a tebur, wani dillalin inji ɗan Pakistan ne ya kai masa tsaraba, a zatonsa zai ji daɗin ganin bishiyar garinsu. Ta haka ya gane guntun bai faɗi cikin ganye ba. Ya ce tun ranar nan ya cire kansa daga cikin masu tufka igiya. Babu wanda ya kore shi, shi ne ya kawo baƙon, shi ya ga bai cancanta ba sai abin da aka ɗauka ya koma gindin bishiyar. Ya ce likita ya gaya masa abin da ya gaya masa, yana so ya sa hannu a igiyar bana. In Ɗalhatu ya mayar da ko ɗan abin da ya rage, maganar kwantena tana nan yadda aka bar ta, ɗansa zai cika alkawarin.

Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Na sake ganin ɗan fulat ɗin nan da iyalina a ciki.

Na kai shi shagon ranar Juma'a bayan an sauko, wanda kuskure ne, domin wurin cike yake, Alhaji Dikko na kan kujerar gaba. Ɗalhatu ya ga tsohon, ya razana, amma kafin ƙiftawar ido ya miƙe ya buɗe hannuwa. "Jama'a, kun gani? Sun biyo sawu." Nogami ya sunkuya masa, ya faɗi abin da ya kawo shi, na fassara a hankali kusa da kunnensa. Tsohon ya ɗauki fakiti daga kan kanta, ya buɗe, ya sansana, ya ce katakon akwati ne, kuma ya ji sanyi a ransa da ba jikin bishiyar ake ƙonawa ba, yana godiya.

"Me ya ce?" in ji Alhaji Dikko.

Ɗalhatu ya riga ni. "Ya ce shi ne, Alhaji. Wai so yake ya saye duka ya mayar ƙasarsu, kada arzikin ya ƙare a hannunmu."

Na ce ba haka ya ce ba, na faɗi abin da ya ce, da ƙarfi. Alhaji Dikko ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce to me ake so mai kaya ya ce, in yana so a sakar masa da araha? Kafin la'asar babu fakiti ko ɗaya a kan kanta. Ɗalhatu ya ce in gaya wa tsohon asalin guntun ya ƙare tuni. Ban fassara ba. Na sa Nogami a tasi, na ce ya jira ni a otal, zan zo masa da guntun.

Na koma shagon bayan jama'a sun watse, na ja ƙofa na rufe. Na ce, "Alhaji, yanzu daga ni sai kai. Na san yana nan, ko ƙwayarsa ba ka taɓa sayarwa ba. Ba ni in kai masa, babu wanda zai sani. Ka ci gaba da sayar da akwatunanka in ka ga dama. Ga kwantena, ga kaya na halal da sunanka a jiki, abin da ka shekara ashirin kana nema. Mutumin nan mutuwa zai yi."

Ya dubi ƙofar da na rufe. Sannan ya sa hannu ta wuyan riga ya jawo wani zare. An ɗinke guntun a cikin jar fata, irin ɗinkin dukawan Kano, fatar har ta yi baƙi da gumi. Ya riƙe shi a tafin hannu, bai miƙo ba.

"Injiniya, inji ƙarfe ne. Yau ya tashi, gobe ya ƙi." Ya rage murya kamar akwai mai jin mu. "Wannan kuwa, tun ranar da ya shiga aljihuna ban ƙara riƙe wa kowa leda ba. In ya koma, da me zan zauna?"

Na ce, "Kai da ka ce itace ne kawai."

"Shekara dubu fa," ya ce. "Kana tsammani a banza mutanen nan suke tafa mata?"

Aka kira sallar magariba a masallacin bayan lungun. Ya mayar da zaren cikin riga, ya dafa wurin da tafin hannu, ya ɗauki hularsa, ya ce in fita zai kulle, ba ya so sahun farko ya wuce shi.

Na tsallaka ruwa a kwalekwale, na taka zuwa otal ɗin ina shirya yadda zan faɗa da Turanci. Na hango tsohon a zauren baƙi, ya sa kwat, ya jingine sandarsa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, a tsakiya ya ajiye wani ɗan akwatin katako da ya taho da shi tun daga garinsu, daidai girman babban yatsa, murfinsa a buɗe. Da ya gan ni ya dafa tebur ya miƙe tsaye, yana gyara maɓallin kwat ɗinsa.